Kafin a cike maka giɓi, tambayi da me za a yi haƙoran

Yawancin abin da ake kira haƙoran roba da akirilik ake yin su, wata irin roba mai tauri da likitocin haƙori suka fara aiki da ita tun wajen 1937. Ba ta da nauyi, tana karɓar launin dasashi, kuma idan ta karye ana iya gyara ta. Sai dai tana da 'yan kofofin da ido ba ya gani, nan datti da ƙwayar cutar kandida ke maƙalewa har ganɗa ta yi ja tana zafi. Shi ya sa ake cewa a cire su da dare, a wanke da buroshi mai laushi da sabulun ruwa, a jiƙa cikin ruwa mai sanyi. Tafasasshen ruwa yana lanƙwasa akirilik, man goge baki na yau da kullum kuma yana kankare shi, ya ƙara wa datti wurin zama. In ya karye, kada a liƙa da gam a gida. Kuskuren milimita ɗaya ya isa ya jawo gyambo a baki.

Mai sauran haƙora a baki akan yi masa mai firam na ƙarfe, haɗin kobal da kuromiyam. Ya fi siranta da ƙarfi, kuma yana barin mutum ya ji zafin abinci a ganɗarsa. Bilic yana cin wannan ƙarfen, kada a jiƙa shi a ciki. Wanda fatarsa ba ta shiri da wani ƙarfe ya faɗa tun farko. Akwai kuma na nailan mai lanƙwasuwa, kyakkyawa a ido, amma gyaransa ko ƙara masa haƙori yana da wuya. Haƙoran tangaran sun fi sheƙi, sai dai suna yin ƙara idan ana tauna, suna kuma cin haƙoran da suke gogayya da su.

Dashe kuwa wani sha'ani ne daban. Ƙusa ce mai zare ta wani ƙarfe da ake kira titaniyam, kaurinta galibi milimita 3.5 zuwa 5, tsawonta 8 zuwa 13, da ake ɗaurawa cikin ƙashin muƙamuƙi. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya lura cewa ƙashi yana manne wa titaniyam, ya kuma fara yi wa mutum irin wannan dashen a 1965. Mannewar tana ɗaukar wata 3 zuwa 6, ta muƙamuƙin sama ta fi jinkiri domin ƙashin can ya fi laushi. Bayan haka a ɗora mahaɗi a kan ƙusar, sannan haƙorin kansa, na zakoniya ko na tangaran a kan ƙarfe. Zakoniya fara ce, tana da ƙarfi, ga mai siririn dasashi kuma ba ta nuna duhun ƙarfe.

Wanda ba shi da haƙori ko ɗaya a muƙamuƙin ƙasa, ƙusa 2 sun isa su riƙe haƙoran roba masu ciruwa, su daina rawa. A ganinmu wannan ya fi yi wa tsofaffi da yawa sauƙi, don ana cirewa a wanke. Akwai 'yan zobban nailan a ciki da ke sakewa, ana sauya su kamar bayan wata 6 zuwa shekara. Haƙoran da ba sa ciruwa kuwa suna buƙatar ƙusa 4 zuwa 6.

Titaniyam ba ya ruɓewa, amma naman da ƙashin da ke kewaye da shi suna kamuwa da cuta. Datti ya taru, dasashi ya kumbura, ƙashi ya riƙa zaizayewa, sau da yawa ba tare da ciwo ba. Shan taba, ciwon suga da ba a kula da shi, da cizon haƙora cikin barci su ne kan gaba wajen lalata dashe. Jini lokacin goge baki, mugunya ko motsi, ko da kaɗan ne, a koma wurin likita a makon.