Bhagavad Gita: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Tambayoyin nan kan Bhagavad Gita, ɗaya daga cikin littattafan addinin Hindu, ba sa canzawa, sai dai masu yinsu. Ga amsoshin wuri guda, a karanta tukuna kafin a sake tambaya.

Gita ita ce babban littafin Hindu, kamar yadda muke da namu?

A'a. Hindu ba su da littafi guda. Mafi tsufa su ne Veda huɗu, waɗanda suke kira shruti, wato abin da aka ji. Gita tana cikin smriti, abin da aka kiyaye aka ruwaito. Yawan masu karanta ta ne ya ɗaga ta, ba tsufa ba.

Wa ya rubuta ta, kuma yaushe?

Masu addinin suna jingina ta ga Vyasa, wani malaminsu na zamanin da. Masana tarihi suna ganin ta kammala a tsakanin ƙarnukan ƙarshe kafin haihuwar Annabi Isa da na farko bayanta. Baitoci 700 ne cikin babi 18, da harshen Sanskirit, a cikin littafi na shida na doguwar waƙar Mahabharata. Duk wanda ya ba ka takamaiman shekarar rubuta ta, imaninsa ya faɗa maka, ba binciken tarihi ba.

To me ke cikinta?

Hira ce a bakin daga. Rundunoni biyu na 'yan gida ɗaya, Pandawa da Kaurawa, sun ja layi a filin Kurukshetra, wanda yau yake jihar Haryana ta Indiya. Jarumi Arjuna ya ce wa Kirishna, mai jan linzamin keken yaƙinsa, ya tsayar da shi a tsakiya. Da ya duba sai ga kakanni, ga malaman da suka koya masa harbi, ga 'ya'yan baffansa. Bakinsa ya bushe, jiki ya ɗauki rawa, baka ta suɓuce daga hannunsa, ya zauna ya ce shi ba zai yi ba. Sauran littafin amsar Kirishna ce, wanda a aƙidar Hindu abin bauta ne da ya zo cikin siffar mutum.

Ashe littafin zuga yaƙi ne?

Kirishna ya ce wa Arjuna ya tashi ya yi yaƙi, wannan ba a ɓoye yake ba. Amma Gandhi, wanda ya fara karanta ta a Landan yana ɗalibi, ya ɗauki filin dagar a matsayin zuciyar mutum. Tilak kuwa, ɗan gwagwarmayar 'yancin Indiya da ya rubuta sharhinsa a kurkukun Mandalay, kira ya gani zuwa ga tashi tsaye da aiki. Littafi ɗaya, karatu biyu. Ku daina yanke hukunci daga baiti guda da aka yanko aka liƙa a kan hoto a Facebook.

Da wace fassara zan fara, kuma yaya zan bi ta?

A nan ne ake yawan tuntuɓe, kuma ba ni da amsa ɗaya da za ta dace da kowa.

Babu fassarar da ba ta da mazhaba a bayanta. Malamin Hindu Shankara, wajen ƙarni na 8, ya karanta Gita a kan cewa ainihin mutum da ainihin komai abu ɗaya ne, ilimi ne ke kai mutum ga gane haka. Ramanuja, bayansa da ƙarnuka kusan uku, ya ce a'a, bauta da ƙauna ga Vishnu, abin bautar da suke ganin Kirishna siffarsa ce, su ne hanya. Madhva, a ƙarni na 13, ya raba bawa da abin bautarsa rabuwa ta har abada. Mai fassara na yau, ko ya faɗa ko bai faɗa ba, galibi sahun ɗaya daga cikinsu yake bi. Kwafin da 'yan ƙungiyar Hare Krishna ke rarrabawa, alal misali, duk ya karkata ga bautar Kirishna. Ba ƙarya ya yi ba, amma idanun mazhaba ɗaya ne, kuma sharhin ya ninka baitocin tsawo.

Saboda haka, idan da hali, a riƙe fassara biyu: ɗaya ta malamin jami'a mai ƙarancin sharhi, ɗaya ta mai addinin. A fara karanta baitin tsurarsa, a tsaya a yi tunani, sannan a leƙa sharhi. Wanda ya fara da sharhi, ra'ayin mai sharhi zai haddace yana zaton Gita ce.

Game da sauri, baiti goma a rana kwana 70 ke nan. Wasu Hindu suna yin babi guda kullum su sauke cikin kwana 18, amma ga sabon shiga wannan gaggawa ce, don babi na 2 kaɗai baiti 72 ne, na 18 kuma 78. Baitoci kusan ashirin na farko sunayen jarumai ne da busa ƙahon dodon koɗi, a nan mutane da yawa ke ajiye littafin. A daure a wuce. Wanda lokacinsa kaɗan ne ya ɗauki babi na 2, 3, 6 da 12, ko da yake zai rasa na 11, inda Arjuna ya ga siffar da ta firgita shi har ya roƙi a ɗauke masa ita.

Kalmomi huɗu ke jefa mutane rami. Karma a mafi yawan wurare aiki take nufi, ba sakayya ba. Yoga horon kai ne, ba lanƙwasa jiki ba. Dharma wani lokaci nauyin da ke wuyan mutum ne, wani lokaci tsarin duniya, don haka fassarar da ta mai da ita "addini" ko'ina ta rage mata. Atman kuma kada a yi saurin cewa ruhi ne yadda muka sani, domin nasu ba a halicce shi ba, kuma yana sauya jiki kamar yadda ake sauya riga. Idan lambar baiti a babi na 13 ta saɓa da ɗaya tsakanin kwafi biyu, kada hankali ya tashi: wasu bugu suna da ƙarin baiti a farkonsa, jimilla 701.

Sai na iya Sanskirit?

A'a. Tun 1785 Charles Wilkins ya fassara ta zuwa Turanci.

Me masu karanta ta suke samu a ciki?

Mafi shahara shi ne baiti na 47 a babi na 2: aiki ne naka, sakamakonsa ba naka ba ne, kuma wannan ba lasisin zaman kashe wando ba ne. Manomi ya yi huɗa da kyau, ya bar zullumin damina. A wannan babin, baiti na 62 da 63 sun jero yadda mutum ke faɗuwa: yawan tunanin abu ya haifi shaƙuwa, shaƙuwa ta haifi kwaɗayi, kwaɗayi ya haifi fushi, daga nan hankali ya gushe. Babi na 6 ya fi sauka ƙasa, inda ya koyar da yadda ake zama don kame zuciya. Wuri mai tsabta, mazauni ba tudu ba kwari ba, baya da wuya a miƙe, ba cin ƙoshi ba yunwa, ba yawan barci ba ƙarancinsa. Da Arjuna ya koka cewa kame zuciya kamar kame iska ne, ba a musa masa ba. An ce masa da naci da rage kwaɗayi ake samunta. Wannan gaskiyar, a ganina, ita ce ta sa littafin bai tsufa ba.

Ni Musulmi ne. Ya dace in karanta?

Hukunci na malaminka ne, ka tambaye shi. Abin da zan faɗa maka shi ne, dawowar rai cikin wani jiki da saukowar abin bauta a siffar mutum sun saɓa wa tauhidi kai tsaye, kada wani ya ce maka duk ɗaya ne. Karatu don sani kuwa ba yau aka fara ba. Albiruni ya koyi Sanskirit, ya kawo sassan Gita da Larabci a littafinsa kan Indiya wajen shekarar 1030, yana bayyana abin da mutanen suka yarda da shi kamar yadda yake.

Gaskiya ne ta goyi bayan rarraba mutane aji-aji?

Babi na 4 baiti na 13 ya ambaci rukuni huɗu na mutane, babi na 18 ya jero aikin kowanne. Masu kare ta sun ce hali da aiki ake nufi, ba haihuwa ba. Ambedkar, jagoran rubuta kundin tsarin mulkin Indiya wanda shi kansa ya fito daga waɗanda ake ƙyama, bai karɓi wannan uzuri ba. A karanta baitocin, 41 zuwa 44 a babi na 18, sannan a karanta sukarsa.