Daidaiton Cikin Jiki

Daidaiton cikin jiki, wanda likitoci ke kira homiyostasis, shi ne yadda jikin ɗan Adam ke riƙe zafinsa, ruwansa, gishirinsa da sukarin jininsa a kan ƙa'ida, kome sauyin da ake yi a waje. Masanin Faransa Claude Bernard ne ya fara bayyana wannan tunani a ƙarni na 19, sannan Walter Cannon na Amurka ya raɗa masa suna a 1926. Hanyar aikin guda ce a ko'ina: akwai mai jin sauyi, akwai mai yanke hukunci, akwai mai gyara. Da zarar abu ya haura ko ya sauka, sai jiki ya ja shi ya dawo mazauninsa.

Zafin jiki

Zafin jikin mai lafiya yana tsayawa kusa da digiri 37 a ma'aunin Salshiyas. Wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa, haifotalamus, shi ke lura da shi. In zafi ya yi yawa, jijiyoyin jini na fata su buɗe, zufa ta karyo. In sanyi ne, su tsuke, mutum ya kama rawar ɗari, domin motsin tsoka yana haifar da ɗumi.

Ba fitar zufa ce ke sanyaya mutum ba, bushewarta ce. Duk wanda ya sha ruwan randa, wadda a Sudan ake ce wa zir, ya san wannan: ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bin iska, ya tafi da zafi. Shi ya sa zafin Jidda, mai cike da laimar teku, kan fi na Makka galabaitar da mutum ko da ma'auni ya nuna ƙasa, don zufar tana zuba ne kawai ba ta bushewa. Baƙo kuwa yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin jikinsa ya saba, ya riƙa yin zufa da wuri kuma ba tare da asarar gishiri mai yawa ba. Hausawan da aka haifa a Makka sun riga alhajin da ya sauka jiya samun wannan sabo.

Amma dabarar tana da iyaka. Idan zafin ciki ya wuce digiri 40, mutum ya fara ruɗewa ko ya suma, to bugun zafi ne, kuma yana kisa. A aikin Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya kuma suka sanar da rasuwar mutum fiye da 1,300. Ƙasar tana hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na yamma, tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba.

Ruwa da gishiri

Wannan aikin ƙoda ne. A kullum ƙoda biyu suna tace ruwa kimanin lita 180 daga jini, su mayar da kusan dukkansa, abin da ke fita fitsari kusan lita ɗaya da rabi ne kawai. Idan manomi a Gadarif ko Mai Wurno, garuruwan Sudan, ya wuni a gona yana zufa, jininsa kan ɗan yi kauri, ƙwaƙwalwa ta tayar da ƙishirwa, ta kuma saki sinadarin basofiresin mai umartar ƙoda ta riƙe ruwa. Fitsari sai ya ragu, ya yi duhu. Launin nan shi ne awo mafi araha da mutum ke da shi, kuma ba a cika kula da shi ba.

Sukarin jini

Azumi ya fi kome nuna wannan. Bayan sahur, gaɓar fankiriyas da ke bayan tumbi tana sakin insulin, wanda ke shigar da suga cikin ƙwayoyin jiki, ragowar kuma a adana a hanta. Rana na yin nisa, sai wani sinadarin, gulukagon, ya sa hanta ta fito da ajiyarta. Da haka sukarin mai lafiya da bai ci abinci ba ke zama tsakanin miligiram 70 da 100 a kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) ta jini. Ciwon suga lalacewar wannan tsari ne: ko insulin ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin umarninsa. Frederick Banting da Charles Best ne suka tace insulin a Toronto a 1921. Mai wannan ciwo da ya buɗe baki da hilu-mur, abin shan azumi na Sudan, ko zoɓo mai suga da yawa, sukarinsa kan haura ya daɗe bai sauko ba.

Numfashi ma yana cikin lissafin. Huhu na fitar da iskar kabon, ƙoda na zubar da tsami, su biyun suna tsare ma'aunin tsamin jini tsakanin 7.35 da 7.45.