Matafiya, ku raba bakinku da butar banɗakin masauki

Duk lokacin da Kaduna ta cika da baƙi, ko baje kolin ƙasa da ƙasa ne, ko biki, ko masu zuwa jarabawar ɗaukar aiki, mu ma'aikatan lafiya mun san abin da zai biyo baya. Mutum ya sauka a Kawo ko Mando, ko ya biyo jirgin ƙasa daga Abuja zuwa Rigasa, lafiyarsa ƙalau. Ya kama ɗaki a otal, bayan kwana biyu sai ga shi an riƙo shi da murɗawar ciki da gudawa. Wani kuma sai ya koma gida da mako biyu zazzaɓi ya kwantar da shi, a auna a ce taifod.

Ka tambaye shi me ya faru, sai ya ɗora wa mai shayi ko mai tsire laifi. Wani lokaci da gaskiyarsa. Amma ni tambayata ɗaya ce: da wace buta ka yi alwala?

Ku dubi butar nan da kyau. Tana zaune a ƙasa, gefen masai, hannunta ya yi baƙi da dauɗa, in ka leƙa cikinta ka ga ya yi kore yana santsi. Wanda ya kwana ɗakin jiya da ita ya yi tsarki, haka wanda ya riga shi. Mai shara zai sauya zanin gado, ya goge tayil, ya fesa turare, amma da wuya a taɓa buta da sabulu. Kai kuma da asuba ka ɗauke ta ido rufe, ka zuba a tafin hannu, ka kurkure baki sau uku, ka shaƙa a hanci, har ka jiƙa asuwaki. Haba Alhaji! A gidajenmu da yawa butar bayi daban, ta alwala daban. Don me tafiya za ta sa ka haɗe su?

Hukuncin ruwan alwala na malamai ne. Ni abin da ya dame ni bakinku. Taifod da kwalara da yawancin gudawa duk hanyarsu ɗaya, ƙazantar bayan gida ta kai baki, kuma ba sai ido ya gan ta ba.

In famfo ya ɗauke aka kawo ruwa a bokiti, abin ya fi muni, don butar ake tsomawa ciki a ɗiba. Hajiya, da ruwan bokitin nan kike ɗauraye kofin yaro da cokalinsa. Na san gajiyar hanya, ga goyo ga kaya, Allah ya saka miki. Amma yaro ba ya jure gudawa kamar babba, dare ɗaya ya isa ruwan jikinsa ya ƙare.

Kada kuma tsadar ɗaki ta ruɗe ku. Na'urar sanyaya ɗaki ba ta wanke buta.

Ga abin yi, ba shi da wuya:
- Sa ƙaramar butarka a jaka, ko ka yi alwala da goge baki da ruwan gora ko na leda.
- Taho da sabulunka. Bayan tsarki wanke hannu da shi na daƙiƙa 20 aƙalla, har ƙarƙashin farce.
- Kofin da ka tarar a ɗaki, wanke shi kafin ka sha.
- Silifas a banɗaki, tawul naka na kanka.
- Ɗaga katifa ka duba kuɗin cizo, kada ka kai wa iyali tsarabarsa.

In gudawar ta riga ta kama, kada a tsaya haɗiyar ƙwayoyin kemis barkatai. A fara da ruwan gishiri da sukari: fakitin ORS, ko lita 1 ta tafasasshen ruwan da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In an ga jini a bayan gida, ko amai ya ƙi tsayawa, ko idon yaro ya faɗa ya daina fitsari, a nufi asibiti mafi kusa a daren, kada a ce sai an koma gida.