Kwararar 'yan yawon buɗe ido zuwa karkarar Birtaniya a lokacin kullen korona

Kwararar 'yan yawon buɗe ido zuwa karkarar Birtaniya a lokacin kullen korona na nufin yadda mazauna birane suka riƙa tururuwa zuwa duwatsu, gaɓar teku da ƙauyukan hutu na Wels, Sikotlan da Ingila daga tsakiyar watan Maris na 2020, da rigimar da hakan ya haddasa tsakaninsu da mutanen wuraren. Yankunan da abin ya fi shafa su ne gandun shaƙatawa na ƙasa na Snowdonia a arewacin Wels, tsaunuka da tsibiran arewacin Sikotlan, yankin Cornwall a kudu maso yammacin Ingila, da gandunan Lake District da Peak District. Baƙin iri uku ne: masu zuwa da safe su koma da yamma, masu zuwa da motocin da ake kwana a cikinsu, da kuma masu gida na biyu a karkara waɗanda suka tattaro iyali da nufin zama har annobar ta lafa. Rukuni na ƙarshe ne ya fi tsone wa mutanen karkara ido.

Tushen al'amarin

Gudun mai hali daga birni zuwa ƙauye idan annoba ta ɓarke tsohon abu ne a Ingila. A 1665, lokacin babbar annobar Landan, Sarki Charles na Biyu da fadawansa sun bar birnin zuwa Salisbury, daga can suka wuce Oxford, attajirai kuma suka bi sahu, yayin da garuruwan da ke kan hanya suka riƙa sa masu gadi suna korar duk wanda ya fito daga Landan. A wannan shekarar ce cutar ta isa ƙauyen Eyam da ke Derbyshire, kuma labarin da ya fi yaɗuwa shi ne cewa ta zo ne a cikin ƙunshin yadi da aka aiko wa wani tela daga Landan. A shekarar da ta biyo baya, limamin cocin ƙauyen, William Mompesson, tare da magabacinsa Thomas Stanley, suka shawo kan jama'a su kulle kansu, ba shiga ba fita. Maƙwabta suna ajiye musu abinci a kan iyaka, su kuma su bar kuɗin a cikin ramukan dutse da aka cika da ruwan khal domin a zatonsu yana kashe cutar. Kimanin mutum 260 ne suka mutu. Masana tarihi sun yi saɓani kan yawan mutanen ƙauyen a lokacin, wasu na cewa kusan 350, wasu kuma kusan 800, haka nan akwai masu ganin marubutan ƙarni na 19 sun ƙawata labarin. Duk da haka, an sake tono shi sosai a 2020, musamman da yake Eyam na cikin gandun Peak District, inda aka yi wasu daga cikin rigingimun da suka fi jan hankali.

Tushe na biyu shi ne tsohuwar takaddama kan wanda ke da ikon taka karkara. Har zuwa farkon ƙarni na 20, yawancin tsaunukan arewacin Ingila mallakar masu filaye ne da ke keɓe su don farautar tsuntsaye. Ranar 24 ga Afrilu, 1932, ɗaruruwan ma'aikata daga Manchester da Sheffield suka kutsa tudun Kinder Scout da ke Peak District da gangan, aka ɗaure biyar daga cikinsu. Wannan fafutuka na cikin abin da ya share fagen dokar gandunan ƙasa ta 1949, wadda a ƙarƙashinta aka kafa Peak District, Lake District da Snowdonia a 1951. Dokar 2000 a Ingila da Wels, da ta 2003 a Sikotlan, sun ƙara faɗaɗa 'yancin yawo a filayen da ba a nomawa. Saboda haka, mutumin birni a Birtaniya ba ya ɗaukar hawan dutse a matsayin alfarmar da ake yi masa, haƙƙi ne da kakanninsa suka sha ɗauri a kansa, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa umarnin hana shi ya yi masa ɗaci.

A Wels akwai wani tabon daban. Sayen gidajen ƙauye da baƙi daga Ingila ke yi don hutu ya daɗe yana tsadar da muhalli, yana kuma raunana harshen Welsh a yankunan da ya fi ƙarfi, irin su Gwynedd. Daga ƙarshen 1979 zuwa farkon shekarun 1990, wata ƙungiyar ɓoye mai suna Meibion Glyndŵr ta ƙone gidajen hutu da yawansu ya haura 200.

Kafin 2020 an taɓa rufe karkarar Birtaniya a 2001, lokacin da cutar boru ta ɓarke a tsakanin shanu da tumaki. An rufe hanyoyin ƙafa, an yanka dabbobi fiye da miliyan 6, an ɗage zaɓen ƙasa daga Mayu zuwa Yuni. Darasin da masu masaukin baƙi a Cumbria, inda gandun Lake District yake, da makamantanta suka ɗauka shi ne cewa rufe karkara ya fi buɗe ta sauƙi, domin baƙi sun daɗe ba su dawo ba.

Ƙarshen makon 21 da 22 ga Maris

Ranar Juma'a 20 ga Maris, 2020, gwamnati ta umarci mashaya, gidajen abinci da wuraren motsa jiki su rufe, makarantu ma suka rufe a ranar. Amma babu wata doka da ta hana tafiya, sai shawara kawai cewa a guji cuɗanya da tafiyar da ba ta zama dole ba. Yanayi ya yi kyau, Lahadin kuma ta zo daidai da ranar iyaye mata. Mutanen da aka rufe musu duk wuraren shaƙatawa na birni sai suka ɗauki motoci suka nufi inda suke ganin akwai iska da fili.

Hukumar gandun Snowdonia ta ce ranar Asabar ɗin ta ga cunkoson baƙi da ba wanda ke raye ya taɓa ganin irinsa. Wuraren ajiye motoci sun cika tun da safe, motoci suka jeru a gefen ƙananan tituna, mutane kuma suka yi layi a kan hanyoyin da ke hawa ƙololuwar Snowdon, dutse mafi tsawo a Wels mai tsayin mita 1,085, inda ba zai yiwu mutum biyu su gitta juna da tazarar mita biyu ba. A Sikotlan, an kori motocin kwana kimanin 30 daga wata cibiyar wasan ƙanƙara kusa da Fort William. Kate Forbes, ministar kuɗin Sikotlan a lokacin, wadda mazaɓarta ta haɗa da tsibirin Skye, ta roƙi mutane da kada su mayar da yankin mafakarsu, ranar Lahadi kuma shugabar gwamnatin Sikotlan ta lokacin, Nicola Sturgeon, ta sanar da cewa jiragen ruwa masu zuwa tsibirai ba za su ƙara ɗaukar wanda ba mazaunin can ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

Ranar Litinin 23 ga Maris da dare Firaminista Boris Johnson ya sanar da dokar kulle. Gwamnatin Wels ta rufe sansanonin baƙi da filayen ajiye motocin kwana, aka kuma rufe manyan duwatsun Snowdonia cikin 'yan kwanaki. Dokar Ingila ta fara aiki ranar 26 ga Maris, tare da tarar fam 60 ga mai laifin farko, wadda ke komawa fam 30 idan an biya cikin kwana 14.

Dalilan tsoron mutanen karkara

Hujjar da aka fi ambata ita ce asibiti. Ana tsara gadaje da ma'aikata ne bisa yawan mazauna na dindindin, waɗanda a yankunan hutu tsofaffi ne suka fi yawa a cikinsu. Cornwall, mai mutane fiye da rabin miliyan, babban asibitin gaggawa ɗaya take da shi, a Truro. A tsibiran Sikotlan kuwa, wanda numfashinsa ya sarƙe sai an ɗauke shi a jirgin sama zuwa babban yanki. An kuma koka da yadda baƙi suka riƙa wawashe kantunan ƙauye a makonnin da kaya suka yi ƙaranci, manoma kuma suna cikin lokacin haihuwar tumaki, suna fargabar ƙofofin shingen da ɗaruruwan hannaye ke taɓawa.

Masu ceton mutane a kan duwatsu, waɗanda 'yan sa kai ne, wasunsu ma ma'aikatan lafiya, sun roƙi jama'a su zauna a gida. Abin da suke gudu ya faru a Fabrairun 2021, lokacin kulle na uku, a dutsen Red Screes da ke Lake District. Wasu mutum biyu daga Liverpool da Leicester sun kafa tanti a can, ɗayansu ya fara ciwon ƙirji cikin dare, suka kira agaji. Ɗaya daga cikin masu ceton ya zame a cikin duhu ya faɗo kimanin mita 150, ya karya ƙashin baya. An ci tarar kowanne daga cikin mutanen biyu fam 200.

Martani da 'yan sanda

A ƙauyuka da dama an kafa alluna da aka rubuta da hannu ana cewa baƙi su koma gida, wasu da kalmomin zagi, an kuma tare mashigar wasu filaye da taraktoci. An sami rahotannin ma'aikatan lafiya da aka zaga saboda an ɗauke su baƙi.

Rundunar 'yan sandan Derbyshire ce ta fi shan suka. Ranar 26 ga Maris ta fitar da hoton bidiyon da jirgi maras matuƙi ya ɗauka a Curbar Edge, 'yan mil kaɗan daga Eyam, yana nuna mutane bibbiyu suna tafiya da karnukansu a fili fetal, tare da rubutun da ke cewa wannan fita ba ta zama dole ba. A kwanakin nan ne kuma ta zuba baƙin rini a wani tafkin tsohon ramin haƙar dutse kusa da Buxton, wanda shuɗin ruwansa ke jan masu ɗaukar hoto, ko da yake an taɓa rina shi a shekarun baya saboda ruwan na da guba. Tsohon alƙalin Kotun Ƙoli, Lord Sumption, ya kira aikin rundunar abin kunya, yana mai cewa 'yan sanda na aiwatar da ra'ayin ministoci ne, ba abin da doka ta ce ba. A wannan gaɓar yana da hujja, domin dokar Ingila ba ta hana tuƙi zuwa wurin motsa jiki ba, kuma daga baya an ba 'yan sanda jagora mai sassauci.

Manya da gidajensu na biyu

Abin da ya ƙara hura wutar shi ne ganin cewa manyan ƙasa ma ba su tsira daga zargin barin birni zuwa karkara ba. Ranar 25 ga Maris aka sanar da cewa Yarima Charles, wanda ya zama sarki a 2022, ya kamu da cutar alhali yana gidansa na Birkhall a Sikotlan, inda ya isa kwanaki kaɗan kafin nan. Ranar 5 ga Afrilu babbar jami'ar lafiya ta Sikotlan, Catherine Calderwood, wadda fuskarta ke kan tallan a zauna a gida, ta yi murabus bayan an gano ta je gidanta na biyu a Earlsferry sau biyu. A watan Mayu aka bankaɗo cewa Dominic Cummings, babban mashawarcin Firaminista, ya tuƙa iyalinsa kimanin mil 260 daga Landan zuwa Durham a ƙarshen Maris, ya kuma je garin Barnard Castle ranar 12 ga Afrilu, tafiyar da ya ce ya yi ta ne don ya gwada ganinsa. Bai yi murabus a lokacin ba.

Sassauci da bambancin dokoki

Daga 13 ga Mayu aka yarda mazauna Ingila su tuƙa zuwa ko'ina a cikin ƙasar don shan iska, muddin za su kwana a gida. Wels da Sikotlan ba su bi ba, sai suka shawarci mutanensu da kada su wuce kimanin mil 5, abin da ya sa 'yan sandan Wels suka riƙa mayar da motocin da suka tsallako iyaka. A Ingila kuwa, da yake banɗakunan jama'a da gidajen abinci na rufe, cunkoson ya zo da shara da ƙazanta. A ƙarshen Mayu jiragen agaji masu saukar ungulu sun sauka a bakin tekun Durdle Door da ke kudancin Ingila bayan wasu sun ji rauni wajen tsalle daga kan dutse, aka tattara dubban mutane wuri ɗaya don a ba jiragen fili. Masaukin baƙi ya buɗe a Ingila ranar 4 ga Yuli, a Wels aka fara daga 11 ga wata, a Sikotlan kuma 15 ga wata, hukumomin yawon buɗe idon da suka ce kada a zo a watan Maris suka koma gayyata.

A wasu ƙasashe

Norwe ta hana kwana a bukkokin hutu da ke wajen ƙaramar hukumar mutum daga 19 ga Maris zuwa 20 ga Afrilu. A Faransa, bayanan wayar salula sun nuna fiye da mutum miliyan ɗaya sun bar yankin Paris a makon da aka fara kulle. A Amurka an kafa shingen bincike a mashigar tsibiran Florida Keys.

Tasiri

Ba a daidaita ba kan ko baƙin sun yaɗa cutar a karkara. Kudu maso yammacin Ingila ya kasance cikin yankunan da suka fi ƙarancin kamuwa a zangon farko, kuma masana da dama sun ce haɗarin kamuwa a sarari kaɗan ne. Hauhawar da aka gani a Cornwall a watan Yunin 2021 wasu sun ɗora ta a kan taron ƙasashen G7 da aka yi a garin Carbis Bay na yankin, gwamnati ta musanta. Abin da ya fi fitowa fili shi ne tashin farashin gidaje a yankunan hutu, da masu haya da aka fitar domin a mayar da gidajen masaukin baƙi. Daga Afrilun 2023 gwamnatin Wels ta ba ƙananan hukumomi ikon ƙara harajin gida na biyu har zuwa kashi 300 cikin ɗari.