Kuɗin Yashe Magudanan Ruwa a Legas

Yashe magudanan ruwa shi ne kwashe laka, yashi da sharar da suka taru a lambatu, kwalbati da manyan kanal, domin ruwan sama ya samu hanyar wucewa. A Legas aiki ne na kowace shekara. Birnin na zaune a kan ƙasa mai kwari da fadama, a gaɓar tafkin Legas da Tekun Atlantika, yana kuma samun ruwan sama fiye da milimita 1,500 a shekara, mafi yawansa daga Afrilu zuwa Yuli, sai wani zubin a Satumba da Oktoba. Kuɗin gina sabuwar magudana bai cika gagara ba. Inda gizo ke saƙa shi ne kuɗin kula da ita bayan an gina.

Tsarin magudanai da masu alhaki

Magudanan Legas hawa uku ne. Ƙananan lambatu na ƙofar gida da gefen layi alhakin mazauna ne da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37 na jihar. Su ke zuba a matsakaitan magudanai, waɗannan kuma su kai ruwa manyan kanal da ke ƙarewa a tafki. Hawa biyun na sama suna hannun Ofishin Kula da Magudanai na Ma'aikatar Muhalli da Albarkatun Ruwa ta jihar, wanda ke da rundunar gaggawa mai suna EFAG. Manyan kanal suna da lambobi: Sistem 1, alal misali, shi ne Odo Iya-Alaro da ya ratsa Ojota, Maryland da Ogudu.

Ruwa bai san wannan rabon aiki ba. Idan an yashe lambatun unguwa amma babban kanal na toshe, ruwan baya zai dawo. Shi ya sa ƙa'idar aikin ita ce a fara daga bakin tafki a hauro zuwa unguwanni.

Abin da ke cin kuɗin

Milimita 50 na ruwan sama a kan hekta ɗaya lita 500,000 ne. Ƙasa mai ciyawa ko rairayi kan shanye mafi yawansa, amma rufin kwano, kwalta da siminti kan tura kusan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari lambatu kai tsaye. Ga shi ƙasar Legas shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa ba ya gudu da ƙarfin da zai wanke magudana da kansa. Injiniyoyi kan nemi gudun aƙalla mita 0.6 a daƙiƙa; ƙasa da haka yashi kwantawa yake yi. Idan kuma teku ya cika, tafki ya tashi, bakin kanal kan nutse, ruwan sama ya tsaya cak har sai tafkin ya janye. A irin waɗannan wurare, kamar tsakiyar Tsibirin Legas, sai an haɗa da famfunan zuƙo ruwa, su kuma suna cin wuta da dizal.

A ɗauki lambatu mai faɗin mita ɗaya da tsawon kilomita ɗaya, laka ta cike shi zuwa rabin mita. Mita 500 ke nan na laka a ma'aunin kubik, wato sawu 50 na tifa mai ɗaukar kubik 10. Leburori kan ɗaga marafan siminti, su fito da lakar da shebur, su tara a gefen titi kwana ɗaya ko biyu ta tsane, domin jiƙaƙƙiyar laka nauyi gare ta kuma tana zuba a hanya. A manyan kanal katafila mai dogon hannu ko mai tafiya a kan fadama ake sa wa. Babban kason kuɗin yana tafiya ne a dizal, hayar tifa da nisan juji, musamman a gari mai cunkoson motoci irin wannan.

A nan ne aiki ya fi lalacewa. Idan kwangila ta biya haƙa ba ta ɗaure ɗan kwangila da kwashewa ba, tsibin lakar kan kwana a bakin lambatu har ruwa na gaba ya mayar da shi inda aka fito da shi. An biya kuɗi, magudana na nan jiya i yau. Biya bisa adadin lakar da ta isa juji, tare da auna zurfin magudana kafin aiki da bayansa, ya fi biya bisa tsawon titi. Lokaci ma kuɗi ne: aikin na watannin rani ne, daga Disamba zuwa Maris, don haka kuɗin da aka saki a Yuni ya zama ihu bayan hari.

Inda kuɗin ke fitowa

Babban tushe shi ne kasafin kuɗin jihar, inda magudanai ke gogayya da tituna, asibitoci da albashi. Akwai harajin Land Use Charge da aka kafa a 2001 aka kuma sabunta a 2018, wanda ya haɗe harajin ƙasa, na gidaje da na inganta unguwa wuri guda. Akwai Asusun Kula da Muhalli na tarayya, da aka kafa a 1981 domin ambaliya da zaizayar ƙasa. Bankin Duniya ya ba da rance don aikin magudanai da tsaftar Legas a 1993, sannan dala miliyan 200 a 2006 ga shirin raya birnin, wanda magudanai na cikin manyan sassansa. Sai dai rance gini yake yi ya tafi, buƙatar yashewa kuma kowace shekara take dawowa.

A unguwanni da kasuwanni irin su Agege, Idi-Araba da Mile 12, karo-karo ne ke riƙe ƙananan lambatu: masu gida, 'yan haya da masu rumfa su haɗa kuɗi a ɗauki matasa, kasuwanni kuma su yi tsaftar safiyar Alhamis. Wannan yana da amfani ƙwarai, amma ƙarfinsa iyakar bakin layi ne. Ba zai iya da ruwan kogin Ogun ba, wanda kan mamaye Kara, Isheri da Agiliti idan an saki madatsar Oyan.

Gurɓatar ruwa

Abin da ya shiga lambatu a Legas yana isa tafki ba tare da an tace shi ba: ledar fiya wata, robobi, baƙin man gareji, jinin mahauta da ruwan sokawe. Idan magudana ta toshe, wannan haɗin ne ke shiga ɗakuna da rijiyoyi. Ambaliyar 10 ga Yuli 2011, lokacin da aka sheƙa fiye da milimita 200 a yini guda, ta yi sanadin rasa rayuka, kuma a Yunin 2024 kwalara ta ɓarke a jihar, Tsibirin Legas ne kan gaba wajen masu kamuwa. Hana amfani da farin soson zuba abinci da gwamnati ta yi a Janairun 2024 rage kuɗin yashe magudanai ne a fakaice, haka ma ingantaccen kwasar shara daga LAWMA, hukumar kula da shara ta jihar, domin sharar da aka ɗauka a ƙofar gida ta fi arha a kan wadda aka tsamo a kanal.

Kuɗin ruwan sama na musamman

Birane da dama a Jamus da Amurka suna karɓar kuɗi daga mai gida gwargwadon faɗin rufinsa da simintin filinsa, a ajiye a asusun da ba a taɓawa sai don magudanai. Wanda ya bar fili ruwa na nutsewa, ko ya tara ruwan rufinsa a tanki, ana rage masa. Tsarin zai dace da Legas, inda shafe tsakar gida da siminti ya zama ruwan dare, amma yana buƙatar taswirar kowane fuloti, da dokar killace kuɗin, da kuma sassauci ga gidajen haya masu ɗaki-ɗaki, domin mai gida kan ɗora duk wani sabon caji a kan kuɗin haya.