Dokar hana raba kalmar sirrin imel na ofis: abin da ta ce da abin da ake ƙara mata

Sanarwar ba ta wuce layi uku ko huɗu. Daga rana kaza an daina shiga akwatin imel na haɗaka da kalmar sirri guda, kowa zai riƙa shiga da sunansa, kuma duk wanda ya ba wani kalmar sirrinsa zai fuskanci ladabtarwa. Shi ke nan. Amma kafin a tashi aiki ta haifi 'ya'ya. Wannan ya ce shugabanni ne ke neman hanyar karanta wasiƙun kowa. Wancan ya ce rufe akwatin za a yi. Wata ta ji an ce akwai tarar miliyoyi a kan ma'aikacin da aka kama. Na shafe shekaru ina aikin buɗe wa mutane irin waɗannan akwatuna da rufe su, kuma duk inda aka kawo wannan tsari kusan maganganun nan ake yi, shi ya sa na ga ya dace a warware su.

Akwatin haɗaka shi ne adireshin da ba na mutum ɗaya ba: na sashen kuɗi, na karɓar koke-koken abokan hulɗa, na masu neman aiki. Dokar ta shafi duk mai taɓa shi, daga ma'aikacin dindindin zuwa ɗan kwantiragi, mai koyon aiki, har da shugaban ma'aikatar kansa.

Maganar rufe akwati ba ta da tushe. Adireshin yana nan, tsofaffin wasiƙu suna nan, masu rubuto muku ba za su ga wani sauyi ba. Ƙofar shiga ce kawai ta canza. A da, mutum bakwai suna riƙe da kwafin mabuɗi ɗaya. Yanzu kana shiga da asusunka, sai ka tarar da akwatin haɗakar a ƙarƙashin naka. A tsarin Microsoft 365, irin wannan akwati tun asali ba a yi shi don a riƙa shigarsa kai tsaye ba. Kamfanin da kansa yana ba da shawarar a toshe shiga asusun da ke bayan akwatin, a ba mutane izini ɗaya bayan ɗaya, kuma akwatin ba ya buƙatar lasisi na daban matuƙar bai wuce gigabait 50 ba. A Gmail ma akwai tsarin wakilci: wanda aka wakilta zai karanta, ya aika, ya goge, amma ba shi da ikon canza kalmar sirri.

To me ya sa ake ta matsa wa wannan abu? Ga wani lamari da na gani da idona, a wata ma'aikata da ba zan ambaci sunanta ba. An rubuta kalmar sirrin akwatin sashen kuɗi a 'yar takarda, an manna ta da salatif a ƙasan allon kwamfuta. Takardar har ta yi baƙi don tsufa, domin shekara uku ba a canza kalmar ba. Wata rana aka nemi wasiƙar wani ɗan kwangila mai ɗauke da takardar neman biya, aka rasa. An goge ta, an kuma goge ta daga kwandon shara. Da muka duba rajista, wato inda tsarin ke rubuta duk abin da aka yi a akwatin, abin da muka gani shi ne akwatin ne ya goge wasiƙar da kansa, saboda duk mai shiga da sunan akwatin yake shiga. Mutum bakwai ne suka san kalmar a lokacin, ban da biyu da suka bar aiki tuntuni. Sai laifi ya faɗa kan wata yarinya da ba ta cika wata biyu da fara aiki ba, don kawai ita ce ta fi zama a gaban wannan kwamfutar. Ta yi ta rantsuwa, hawaye na zuba, ba ta da hujjar da za ta nuna, mu ma ba mu da ita. Har yau abin yana damuna. Da kowa da sunansa yake shiga, cikin minti biyar za a wanke ta ko a tabbatar.

Wannan ne asalin dokar, kuma ba wani shugaba ne ya ƙirƙiro ta don ya takura wa mutane ba. Ƙa'idar tsaron katunan banki ta PCI DSS, wadda kamfanoni irin su Visa da Mastercard ke bayanta, ta wajabta kowane mai shiga ya kasance da shaidarsa ta kansa. Bugunta na shekarar 2022 ya yarda da asusun haɗaka ne kawai idan larura ta kama, da rubutaccen dalili, da amincewar shugabanni, na ƙayyadadden lokaci, kuma ta yadda za a iya jingina kowane aiki ga mutum guda. A Amurka, dokar kare bayanan marasa lafiya ta HIPAA ta ce a ba kowane mai amfani suna ko lamba tasa shi kaɗai. Akwai kuma dalili na zahiri: tabbatarwa mai mataki biyu, wato lambar nan da ke zuwa wayarka bayan ka sa kalmar sirri, ba ta tafiya daidai da asusun mutum bakwai. Wayar wa za a tura wa? Sai ka ga an kashe ta gaba ɗaya don a samu sauƙi. A shekarar 2021, ta wani tsohon asusu da aka daina amfani da shi, marar wannan mataki na biyu, aka kutsa wa kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka, har ya biya kuɗin fansa kimanin dala miliyan 4.4. Ba akwatin imel ba ne, amma ciwon ɗaya ne: ƙofa a buɗe, ba wanda ke jin tasa ce balle ya rufe.

Sai batun leƙen asiri, wanda shi ya fi tayar wa mutane da hankali. Ba ka izinin shiga akwatin haɗaka ba ya buɗe wa kowa naka akwatin. Hanya ce mai tafiya gefe ɗaya. Abokin aikinka da kuke amsa wasiƙu tare ba zai ga komai naka ba, shugaban sashenku ma haka. Abin da ake rubutawa a rajista shi ne ayyukan da aka yi a cikin akwatin haɗakar: wane ne ya aika, wane ne ya goge, wane ne ya matsar da wasiƙa zuwa wani wuri, da kuma lokacin. Wannan rajista ma ba sabuwa ba ce. Tun watan Janairun 2019 Microsoft ya mayar da ita mai kunna kanta a akwatunan ma'aikatu. Bambancin shi ne yanzu tana ɗauke da sunayen mutane.

Ba zan ɓoye ba, imel ɗin ofis kayan ofis ne, kuma masu kula da tsarin suna da hanyar buɗe kowane akwati idan an ba su umarni. Amma wannan iko yana nan tun kafin sanarwar, ba ita ta kawo shi ba, kuma yana da iyaka. A ranar 5 ga Satumbar 2017 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta yanke hukunci a ƙarar Barbulescu, wani injiniya ɗan Romaniya da aka kora bayan kamfaninsa ya karanta saƙonninsa na Yahoo Messenger. Kotun ta ce an tauye masa haƙƙi, domin kotunan ƙasarsa ba su bincika ko an sanar da shi tun farko irin sa-idon da za a yi da faɗinsa ba, da kuma ko akwai hanya mafi sauƙi da za a bi. Hukuncin na Turai ne, kowace ƙasa da dokarta, amma tambayar da ya koyar tana da amfani a ko'ina: me ake rubutawa a kaina, wa ke da ikon gani, kuma har tsawon wane lokaci ake ajiyewa? Ma'aikaci yana da damar ya yi wannan tambaya a rubuce, kuma ma'aikatar kirki za ta amsa.

Sashen da ya fi ruɗa mutane shi ne na nau'o'in izini, don guda uku ne kuma kowanne da aikinsa. Akwai izinin buɗe akwati: ka karanta, ka shirya, ka goge. Mutane da yawa suna zaton wannan ya haɗa da aikawa, alhali bai haɗa ba, shi ya sa za ka ga mutum ya rubuta amsa ya danna aika ta dawo masa, sai ya ce an rage masa matsayi. Akwai izinin aikawa da sunan akwatin, inda mai karɓa zai ga sunan sashen kawai. Akwai kuma izinin aikawa a madadin akwatin, inda zai ga "wane a madadin sashen kaza". A nan ake samun kuskuren fahimta mai haɗari. Wasu suna ɗauka cewa tunda sunansu bai fito a wasiƙar ba, to ba wanda zai san su ne suka aika. Mutumin waje ne ba ya gani, rajista tana gani. Wani ƙaramin abu kuma da ke haddasa zargi tsakanin abokan aiki: a manhajar imel ta Outlook, wasiƙar da ka aika da sunan akwatin haɗaka takan zauna ne a cikin naka wasiƙun da ka aika, ba ta bayyana a na haɗakar sai an kunna saitin hakan. Sai abokin aikinka ya duba bai ga amsa ba, ya sake amsawa, ko ya kai ƙara cewa ka yi watsi da wasiƙa. Ku roƙi sashen kwamfuta ya kunna wannan saiti tun ranar farko.

Yanzu hukunci. Tarar miliyoyin da ake yayatawa akwai ta, amma ba a kan ma'aikaci take ba. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, ba ta ambaci akwatin haɗaka da suna ba. Sashe na 32 cewa ya yi ma'aikata ta ɗauki matakan tsaro da suka dace, sashe na 83 kuma ya sa tarar da ka iya kaiwa yuro miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara, duk wanda ya fi yawa, ga wadda ta gaza. Ma'aikatar ce ke biya. A 2018 hukumar kare bayanai ta Fotugal ta ci tarar wani asibiti yuro 400,000, kuma cikin abin da aka gano har da asusun likitoci 985 da ke aiki alhali likitocin asibitin 296 ne. Asibitin aka ci tara, ba a bi likitoci ɗaya bayan ɗaya ba. Dokar GDPR ta kuma ba ma'aikata awa 72 ta kai rahoton kutse ga hukuma. Idan ba ka san wanda ya shiga ba, me za ka rubuta a rahoton?

Abin da ke kan ma'aikaci shi ne ladabtarwar cikin gida, gwargwadon abin da ke rubuce a ƙa'idojin aikinsa: jan kunne, takardar gargaɗi, janye izini, kora idan abin ya yi muni ko ya maimaitu. Akwai wuri ɗaya da lamarin ke wuce ofis ya isa kotu, kuma shi ne wanda mutane suka fi rainawa: shiga akwati bayan an janye maka izini. Wanda ya bar aiki ya gwada tsohuwar kalmar sirri daga gida ya ga tana buɗewa, ko da lambar wani abokin hulɗa kawai yake nema, ya shiga inda ba a ba shi izini ba. A Birtaniya dokar hana kutsen kwamfuta ta 1990 ta mayar da wannan laifi, kuma ƙasashe da dama suna da makamanciyarta. Cewa ƙofar a buɗe take ba ya zama hujja.

Ni dai ina ganin dokar mai adalci ce, kuma ƙaramin ma'aikaci ya fi kowa cin moriyarta. Inda nake da ja shi ne yadda ake aiwatar da ita a wasu wurare. Sabon ma'aikaci ya zo, an cika takardar neman izini, mako biyu shiru. Wasiƙu sun taru, shugaban sashe ya gaji, ya tura masa tasa kalmar sirri ta WhatsApp ya ce yi aiki kafin su gama. Ranar da abin ya fito, yaron ake kira. Wannan barin jaki ne ana dukan taiki. Wanda ya bayar ya fi wanda ya karɓa laifi, musamman idan mai bayarwar shi ne na sama, kuma sashen da ya riƙe takarda mako biyu yana da nasa kason. Duk ma'aikatar da za ta hukunta mai raba kalmar sirri, ya kamata ta fara rubuta wa kanta wa'adi: izini zai fito cikin kwana ɗaya na aiki, za a janye shi ranar da mutum ya bar aiki ko ya canza sashe, kuma kowane akwati yana da mutum guda da ke duba jerin sunayen masu shigarsa lokaci-lokaci. Haka nan abin da ya faru kafin sanarwa bai kamata a hukunta kowa a kansa ba, tunda ma'aikatar ce da kanta ta raba waccan kalmar.

Idan na sama da kai ya miƙo maka kalmar sirrinsa, ka ce masa cikin ladabi: ranka ya daɗe, a taimaka a tura wa sashen kwamfuta saƙo a saka sunana. Ka aika roƙon ta imel ɗinka don kwanan wata ya zauna a kai. Idan kuma har yanzu tsohuwar kalmar akwatin tana ajiye a wayarka ko a kwamfutarka ta gida, ka cire ta, sannan ka sanar da su cewa ka cire.