Marsiyya daban, ta'aziyya daban

Kwanan nan duk inda ka juya marsiyya kake ji, a rediyo, a Facebook, babba ya rasu kafin a kai shi makwanci an fara. Shekaranjiya na ji mai karanta labarai yana cewa wai gwamna ya aika wa iyalan mamaci da marsiyyarsa. Haba malam, ai abin da gwamna ya aika ta'aziyya ce.

Ta'aziyya ta masu rai ce, tushenta a Larabci haƙuri ne, ka je ka zauna a tabarmar ƙofar gida ka ce ya haƙuri, a ce da godiya, ka yi addu'a ka tashi. Marsiyya kuwa waƙa ce da wanda aka yi wa rashi yake yi wa wanda ya tafi, yana ambaton halinsa yana faɗin abin da rashin ya yi masa. To wannan na biyun shi ne abin da ake zubarwa yanzu, kuma shi ke ci min rai, mutum zai jero muƙaman da mamaci ya riƙe tun daga kansila har minista ya liƙa hoton da suka ɗauka tare ya ce ya yi marsiyya, babu ko layi ɗaya da za ka ji zuciyarsa ta motsa. Wannan yabo ne kawai, wani lokacin ma kamfen.

Duba Khansa'u, mawaƙiyar Larabawa 'yar ƙabilar Banu Sulaim da ta riski Musulunci. Ɗan'uwanta Sakhru aka ji wa rauni a yaƙi, ya daɗe yana jinya ya rasu, ta yi shekaru tana yi masa waƙa. A wani baiti ta ce fitowar rana tana tuna mata shi, faɗuwarta ma haka. Masu sharhi suka ce safiya lokacin fita yaƙi ne, yamma kuma lokacin saukar baƙi, wato da rana ɗaya ta nuna maka jarumi ne kuma mai kyauta ba tare da ta jero komai ba. Sannan ta ce abin da ya riƙe ta shi ne yawan masu kukan 'yan'uwansu da take gani kewaye da ita, ba wai nasu ya kai nata ba, amma da su take rarrashin kanta, kalmar da ta sa a wurin ma tushensu ɗaya da ta'aziyya. Mu ma muna da namu, Nana Asma'u ta yi wa Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa mata na kusa da ita waɗanda ba su riƙe sarautar komai ba.

Ni dai sai da mahaifiyata ta rasu na gane amfanin karanta irin waɗannan. Bayan sadakar uku aka naɗe tabarmi kowa ya kama gabansa, butarta tana nan bakin ƙofar ɗaki an rasa mai ɗauke ta, ya haƙuri kuma ta ƙare. Da dare nake ɗauko baitocin Khansa'u, in na zo kan na faɗuwar rana sai in tsaya, don bayan magariba ne take kirana ta ji ko na ci abinci.